Ciyawar da Muka Shuka a Hanyar Lambata

Sai da aka yi gaggawar sa wa saniyata wuƙa kafin ta mutu. Ban tsaya wurin yankan ba, zuciyata ba za ta ɗauka ba. Mahaucin da ya feɗe ta ne ya aiko mini da abin da ya ciro daga tumbinta a cikin bokiti, wai in gani da idona. Dunƙulen baƙar leda ne, ya kusa kai girman tulu, ya cuɗe da igiyar buhu da guntun silifa. Na zauna a bakin rijiya na yi kukan da rabona da irinsa tun rasuwar maigidana, domin saniyar shi ya bar mini ita.

Tun da ya rasu, kiwo ne ke riƙe da ni da yarana. Gidanmu yana Bagama, akwai ɗan fili a bayansa inda nake ɗaure raguna ina turka su zuwa babbar Sallah. Shanun kuwa 'yan kaɗan ne, suna hannun wani Bafulatani da ya kafa ruga kusa da gonar kakanmu a hanyar Lambata. Mutumin kirki ne, bai taɓa ɓoye mini haihuwa ko mutuwa ba. Amma da rani ba shi da abin da zai ba su. Dajin da na sani ina yarinya duk ya zama gidajen hayar masu sammakon zuwa aiki Abuja. Dabba ta fita kiwo, sai ta ƙare a kan bola.

Ita kanta gonar kakan namu, rabinta ya daɗe da mutuwa. Shekarun baya manyanmu sun bar masu tifa sun yi ta kwasar jar ƙasa suna kaiwa wuraren gini. Da suka gama suka tafi, suka bar mana wani ƙaton kwari mai tauri kamar daɓe. Ko ƙaya ba ta son fitowa a wurin.

Kawuna ne ya zo yi mini jaje da yammacin ranar. Shi ƙanin mahaifiyata ne, ya yi aikin gandun daji har ya yi ritaya. Sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka ba ya kirana sai da Uwata. Ya leƙa bokitin, ya daɗe yana kallo.

Ya ce, "Uwata, kukan ya isa haka. Saniya ba ta cin leda don daɗi. Yunwa ce ta kashe ta."

Na ce, "To Kawu, yaya zan yi? Harawa ta fi ƙarfina, dusa ma sai a hankali."

"Sai mu shuka musu abin da za su ci."

"Mu shuka me?"

"Ciyawa."

Dariya ta ƙwace mini, ga hawaye bai bushe ba. A duniya ni dai na san ciyawa nome ta ake yi a zubar. Amma Kawu bai yi dariya ba. Ya ce ramin tifar nan da kowa ya juya wa baya, shi za mu raya. Ya ce lokacin da yake aiki ya ga wuraren da suka fi wannan lalacewa sun farfaɗo.

Da ƙarshen daminar shekarar muka fara tara iri. Gamba muke nema, wannan doguwar ciyawa da ake zana da ita, domin saiwarta na yin nisa, kuma ba ta mutuwa da rani. A kusa da gari ta ƙare, sai da muka riƙa hawa mota zuwa wajen Sabon Wuse, mu sauka mu bi gefen rafi da gindin duwatsu. Kawu na lanƙwaso kan ciyawar, ni ina zage irin cikin buhu. Irin gamba ba shi da nauyi ko kaɗan, ga gashi-gashi, ya shiga hanci ya shiga wuyan riga. Na yi ƙaiƙayi har fatar hannuna ta saɓule. Mun haɗa da kyasuwa, ita tana saurin rufe ƙasa. Sannan Kawu ya samo wajen wani tsohon abokin aikinsa irin wata ciyawa mai ƙananan ganye da yake kira sitailo. Ya ce ita dangin wake ce, tana sa dabba ƙiba, tana kuma gyara ƙasa.

A ɗakina na jibge buhunan har rani ya wuce. Maƙwabtana suka samu abin hira. Wata da muke gaisawa ta katanga ta ce, "Maman yara, wai da gaske ne ciyawa kike ajiya a ɗaki? Ko dai a kira malam?" Na ce mata a kira, in ya zo ya taya ni ɗaukar buhu.

Kafin ruwa ya sauka, Bafulatanin ya mayar da makwancin shanunsa cikin kwarin. Suka yi ta taka wurin da kofato suna zuba kashi, har ƙasar ta ɗan saki. Da aka yi ruwan shuka muka kwaɓa irin da yashi mai danshi don kada iska ta kwashe shi, muka watsa, muka ja reshen ƙaya a kai. Ba a yi mako ba aka sheƙa wani ruwa kamar da bakin ƙwarya, ya wanke komai ya tara a ƙasan ramin. Na tsaya a baki ina kallon wahalarmu tana yawo a kan kududdufi. Na ce wa Kawu ni na haƙura.

Ya ce, "Laifina ne, na manta gangaren. Akwai sauran buhu nawa a ɗaki?"

Muka koma. Wannan karon sai da muka jera duwatsu layi-layi a kan gangaren don su tare ruwa. Ni da ban taɓa ɗaukar abin da ya fi tulu ba, na ɗauki dutse a ka har wuyana ya sage. Kawu da shekarunsa yana durƙushe yana jerawa. Muka sake watsa abin da ya rage.

Ya fito. Da farko wani ɗan kore-kore ne a bayan kowane layin dutse, kamar an shafa. Kafin damina ta raba, kwarin ya rufe.

Shekarar farko Kawu ya hana a sa dabba ko ɗaya a ciki, ya ce sai saiwa ta kama. Wannan ya fi ɗaukar dutse wuya. Ga ciyawa shar a gabanka, ga shanunka suna kallonta suna kuka, kai kuma kana kora su. Bafulatanin ya ɓata da 'yan uwansa a kan haka, don sun so su shigo da nasu ya hana. Ni kuma na ci gaba da sayen harawa ina da ciyawa tawa ta kaina. Muka daure.

A damina ta biyu gamba ta fi tsayin namiji. In ka shiga ba a ganinka. A ƙarƙashinta sitailo ta shimfiɗu kamar tabarma. Muka yanki wani sashe muka shanya, muka kafa rumfa muka jibge a kai don rani. Wani sashen aka riƙa sakin shanu a ciki da lissafi, yau nan gobe can. Na ga shanuna sun murje, gashinsu yana sheƙi. Matar Bafulatanin ta fara aiko mini da nono a ƙwarya, abin da ta daina tun da daɗewa saboda babu. Ragunana na gida kuwa, wanda ya zo taya su ba ya son tafiya.

Wata safiya Bafulatanin ya ja mu gefen rafin da ke ƙasan gonar, ya nuna mana sawu a cikin laka, ƙanana masu tsini. Ya ce, "Hajiya, baƙi muka yi." Gada ce. Ban yarda ba sai da na gan ta da idona bayan 'yan kwanaki, ita da ɗanta, suna tsinkar ganyen sitailo a bakin ciyawar. Ta ɗaga kai ta dube ni, kunnuwanta na motsi, sannan ta shige cikin gamba. Rabona da ganin gada mai rai tun ina bin kakata itace. Kawu ya ce ya ga sawun mazo ma. Ya zauna a kan dutse yana ta murmushi shi kaɗai, sannan ya ce mana, "Ku rufe bakinku. Kada wanda ya ji."

Mu mun rufe. Wanda bai rufe ba, ɗan cikinsa ne.

Babban ɗan Kawu yana Abuja, harkar dillancin filaye yake yi. Na girme shi, ni na goya shi ma yana jariri, Yaya yake ce mini. Wata Asabar ya zo gaida mahaifinsa, aka ce yana gona, ya biyo shi da motarsa da farin takalminsa. Rashin sa'a, gadar ta fito a kan idonsa. Kafin in buɗe baki ya ɗaga waya ya ɗauki hotonta. Kafin mu koma gindin bishiya ya watsa wa duniya, har da faɗin daidai inda wurin yake.

Na ce, "Kai, goge abin nan yanzu."

Ya ce, "Haba Yaya, talla fa nake muku. Dubi yadda mutane ke yabawa."

"Na ce ka goge!"

Ya goge yana dariya, amma ina amfani? Waɗanda za su gani sun riga sun gani.

Ba a jima ba masu farauta suka fara zuwa da karnuka. Ba mafarautan da muka sani a da ba ne, masu sanin lokacin da ake barin dabba ta yi renon ɗanta. Samari ne majiya ƙarfi masu kai nama wa masu gashi a bakin titi. Bafulatanin ya kore su, suka dawo, ya sake korarsu. Kawu ya sa muka share gefen gonar kewaye, muka yi fili mai faɗi don ko wutar daji ta taso daga waje ta tsaya. Abin da bai zo mana a rai ba shi ne mutum ya tsallako sharar da ƙafarsa ya kunna daga ciki.

Ruwa ya ɗauke, ciyawa ta bushe, irin gamba ya nuna, muna shirin fara zagewa. Ina tsakar gida bayan azahar ina kwaɓa wa raguna dusa, sai ga wayar Bafulatanin. "Hajiya, wuta! Sun sa wuta!" Ban san lokacin da na yafa mayafi na tare ɗan acaɓa ba. Tun daga kan kwalta na hango hayaƙin ya tokare sama.

Ta gefe uku masu farautar suka kunna, suka tsaya da karnuka da gora a gefe na huɗu. Busasshiyar gamba in ta kama, ƙararta kamar ana harbi. Rumfar da muka tara abincin rani ta zama tulin wuta guda. Na tarar da Kawu ya riga ni zuwa, yana dukan wutar da ɗanyen reshe, tsoho mai farin gemu shi kaɗai a gaban harshen da ya ninka shi tsayi. Ina ƙwala masa kira ba ya ji. Sai da hayaƙi ya kayar da shi, Bafulatanin ya shiga ya jawo shi da riga. Gemunsa ya babbake gefe guda, yana tari kamar ƙirjinsa zai tsage.

Su kuwa sun samu abin da suka zo nema. Sun wuce ta gabana a kan babur, gadar na rataye a baya, kanta na lilo. Ɗan nata ba su ma ɗauka ba. Da wutar ta lafa muka gan shi a bakin layin dutse, ya ƙanƙance ya yi baƙi.

Aikin damina biyu ya tafi tsakanin azahar da la'asar, saboda naman da ba zai cika tukunya ɗaya ba.

Bafulatanin ya gane biyu daga cikinsu, 'yan ƙauyen da ke kusa ne. Muka kai ƙara wurin mai unguwarsu. Aka sa rana, aka shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidansa. Kawu ya zo yana dogara sanda. Ɗansa ma ya zo daga Abuja, ya zauna yana latsa waya. Ni aka ba ni kujera 'yar tsugunno a gefe.

Mai unguwa ya saurari Kawu har ya gama, sannan ya tambaya, "To Malam, an ƙona hatsi?"

Kawu ya ce a'a.

"Rumbu fa? Ko doya?"

"Babu, ranka ya daɗe. Ciyawar da muka shuka ce, da wadda muka tara."

Sai mai unguwa ya gyara zama, ya ɗan yi murmushi ya dubi mutanen da ke wurin. Ya ce, "Alhamdu lillahi, abin ya zo da sauƙi. Ni da aka ce ɓarna, na ɗauka amfanin gona ne. Ashe ciyawa ce. Ciyawa ai Allah ke fito da ita, baɗi war haka ta dawo."

Ɗaya daga cikin samarin ya ce, "Mu daji muka gani. Kowace shekara ai ana sa wa daji wuta."

An ce mini mace ba ta ɗaga murya a irin wannan zama. Na miƙe tsaye.

Na ce, "Ranka ya daɗe, dawa ma Allah ke fito da ita. Me ya sa in an ƙona ta kake sa a biya? Ramin nan shekara nawa yana nan a gabanku, me ya fito a cikinsa? Ni na tafi har Sabon Wuse na zago irin nan da hannuna. Ni na ɗauki dutsen da ke wurin a kaina. Tsohon nan da ke gabanka ya durƙusa ya jera su. Wane daji ne ake share wa gefe? Wane daji ne ke da rumfa a tsakiyarsa? Sun ga sharar, sun tsallake ta. Marayu nake ciyarwa da ciyawar nan da kake wa dariya!"

Wani dattijo ya ce, "Hajiya, a yi haƙuri, a zauna." Ban zauna ba.

Mai unguwa ya ce ya ji zafin da nake ji, amma shi tun da yake bai taɓa yanke wa wani tara a kan ciyawa ba, kuma ba zai fara yau ba. Ya sa samarin su ba mu haƙuri. Suka ce, "A yi haƙuri, Mama," ɗayansu yana danne dariya. Aka shafa fatiha. Shi ke nan shari'ar.

Abin da ya fi ƙona mini rai a hanyar dawowa ya faru. Ɗan Kawu ya ɗauko mu a motarsa, mahaifinsa na gaba yana tari, ni ina baya. Ko kwalta ba mu hau ba ya ce, "Baba, ni fa ina ganin wannan abin ishara ce. Wurin nan ya wuce a ce ciyawa ake shukawa a ciki. Akwai mutanen da ke neman fili a hanyar nan, in aka yanka shi fuloti-fuloti kowa zai huta."

Na ce, "Tsayar da motar."

"Yaya, me ya faru?"

"Toka ba ta huce ba kana yi mana ciniki? Kai ka nuna musu hanya, ko sannu ba ka ce wa ubanka ba. Tsaya in sauka!"

Na sauka na yi tafiya mai nisa a ƙasa kafin in samu abin hawa. Ban ce shi ya aiko su ba, ban da shaida, kuma ba na zaton ya kai nan. Amma ko a fuska bai nuna abin ya dame shi ba.

Ranin nan ya zo mana da wuya. Ragunan da na so in kai Sallah sai na sayar da su tun ba su yi nama ba. Bafulatanin ya zo har gida ya durƙusa ya ce shi zai tashi, ba zai iya zama inda ake kunna wuta kusa da 'ya'yansa a ce a yi haƙuri ba. Ya kawo mini shanuna har ƙofa. Ina zan kai su a cikin Bagama? Na rabu da su, na bar karsana ɗaya. Kawu kuwa ƙirjinsa bai sake komawa daidai ba. Daga asibiti sai gida, gonar bai ƙara taka ta ba.

Da ya kwanta, maganar fuloti ta samu ƙafa. Gona ta gado ce, magada da yawa, yawancinsu ba su taɓa zuwa sun ga ciyawar tana tsaye ba. Aka yi taron dangi, na yi magana har muryata ta dushe. Suka ce Yaya ta cika rigima a kan ciyawa. Aka raba.

Ranar da katafila ta shiga ina wurin. An yi ruwa biyu ko uku, kuma gambar ta riga ta tofo daga ƙonannun gindinta, kore shar a kan baƙar ƙasa. Sitailo ce ba ta dawo ba, sai ɗaiɗai. Na tsaya ina kallo aka kankare duka, har da layukan dutsen, aka tura su gefe guda. Yanzu bulo ne a wurin da harsashin gini, wasu an kai linta an bari.

Rabon mahaifiyata da ya faɗo mini, can ƙasan ramin aka ba ni, inda ruwa ke kwanciya, inda babu mai son gini. Sun ɗauka sun cuce ni. Na kewaye shi da ƙaya, na sake zuwa na zago iri, ni da 'yata ta biyu. Bai kai ya riƙe garke ba, amma yana ciyar da karsanar da raguna kaɗan. Gada dai ba ta sake zuwa ba, ta ina za ta bi? In na je duba Kawu yakan tambaye ni, "Uwata, ta yi tsayi?" In ce ta yi. Ya ce in riƙa yanka da wuri in kwaso gida, kada in sake barin komai a fili. Haka nake yi.

Bana ana saura kaɗan Sallah, ɗan nasa ya kira ni a waya. Ya yi gaisuwa mai tsawo, sannan ya ce, "Yaya, an ce ragunanki sun fi na kasuwa kyau. A ware mini babba guda, na gida ai ya fi albarka."

Na ce, "Ka san me suka ci suka yi kyan?"

Ya fara kame-kame.

Na ce, "Je ka kasuwa."

Ya kai ƙarata wurin Kawu, wai na wulaƙanta shi. Kawu ya ce masa shi ba ya shiga tsakanin mutum da uwar da ta goya shi. Ragon kuwa wani Inyamuri mai shagon kayan gini a bakin titinmu na sayar wa, zai yi wa maƙwabtansa Musulmi kyauta. Ya tsaya yana shafa bayansa, ya tambaye ni da gurɓatacciyar Hausarsa me nake ba su. Na gaya masa, ya saurara har na gama, bai yi dariya ba.